Tsohon da Muka Hana Mutuwa

A daminar da mijin Yayata ya rasu, akwai wani littafi da ya hana matan Kankia sakat. Ba na takarda ba ne, a waya ake karanta shi. Wata marubuciya ce da ba wadda ta taɓa ganin fuskarta take sako shi shafi-shafi a wani zaure na mata zalla, kullum da hantsi, daga nan a yi ta tura shi daga wannan waya zuwa waccan. Lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata, kuma a ganina duk abin da aka kira littafi a garin nan ni ya kamata a fara tambaya. Ba wadda ta tambaye ni. Sai dai in shiga ofishin malamai in tarar an haɗa kai a kan waya ɗaya, wannan ta dafe ƙirji, waccan tana cewa wallahi mutumin nan ba shi da mutunci. Na ɗauka wani malami ake nufi, har na gyara zama in ji ko wane ne. Ashe ɗan cikin littafi ne.

Telata ta riƙe mini ɗinki har bikin da zan je ya wuce, da na je karɓa na same ta ƙafa a kan keke, ido a kan waya. Mai kitso ta yi mini rabin kai ta tsaya wai bari ta duba ko an sako na yau. Haushi ya kama ni, amma son sani ya fi haushin ƙarfi. Mu ma mun yi zamanin ɓoye littafi a cikin na lissafi muna karantawa a aji, amma ban taɓa ganin labarin da ya tsayar da keken ɗinki ba. Na ce a sa ni a zauren in ga abin da ake gani.

Labarin wata 'yar talakawa ce da ta zama likita, da wani ɗan masu kuɗi a Abuja wanda girman kai ya yi wa yawa. Kafin yarinya ta fito daga ɗaki ta gaida baƙo, sai an gaya miki launin leshinta da na takalminta da sunan turaren da ta fesa. Mota kuwa kowa da tasa, har mai wanke-wanke. Na karanta na farkon na taɓe baki, na ce wa abokan aikina zuzutawa ce kawai, ba komai a ciki sai kaya da ƙamshi. Suka ce to, Malama, a cire ki? Na ce a'a, a bar ni, nazari nake yi. Gaskiyar magana ina so in gane abin da ke janyo su, ina kuma so in ga ranar da za a sauke wa yaron nan girman kansa.

Ana cikin haka hankalina ya koma wani wuri. Yayata ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni ce autarsu, har yau kuma Auta take kirana. A Ƙofa take aure, cikin ƙasar Kusada. Mijinta manomi ne, mutum mai sanyin hali, kowa Malam yake ce masa. Ciwon ƙoda ya kama shi tun bazara, ƙafafu suka kumbura, aka yi ta kai shi asibiti a Katsina ana dawowa da shi. Gero ya fara kai gwiwa Allah ya karɓi abinsa.

Yaya mace ce mai surutu da dariya, tun daga zaure ake jin muryarta. Ranar rasuwar ba ta yi kuka ba, mutane suka yi ta yaba tawakkalinta. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka watse, ta shiga takaba ta rufe bakinta. In an gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Kwanon abinci yadda aka kai haka ake ɗauko shi. Ba ta ambaton Malam, in wani ya ambace shi sai ta juya fuska bango. Babban ɗanta ya kira ni a waya ya ce, Inna, ki zo ki ga Yayarki, mu abin ya fi ƙarfinmu. Da na je sai na ga wuyanta duk ya rame. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron kada ta bi mijinta kafin ta fita takaba.

Na mai da shi al'ada, duk Juma'a in an tashi makaranta in hau mota, in ƙarasa da mashin, in kwana biyu in dawo. Na gwada hira, na gwada nasiha, na kawo labarin ƙuruciyarmu. Da abin ya ishe ni na yi mata faɗa, don ni ba ni da dogon haƙuri. Na ce ke kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa? Ta dube ni kawai ta mai da kai. Na fito tsakar gida ina jin kamar in mari kaina.

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a ƙofar ɗakinta, matar ɗan nata tana tsinkar zogale a gefena. Yarinya ce mai fara'a, bakinta ba ya riƙe magana. Ta matso ta rage murya.

"Inna, halan kina da na satin nan a wayarki? Mu nan sabis sai an hau tudun bayan gida, shi ma sai an yi sa'a."

Na ce wane abu? Ta ce littafin mana. Na harare ta, na ce a gidan takaba? Ta ce a hankali za mu yi, Iya ba ta ma sauraren kowa. Iya take ce wa Yaya. Na buɗe wayar na fara karanta mata ƙasa-ƙasa, ina tsallake wuraren soyayya don kunya.

Shafin ranar ba na masoyan ba ne. Kakan likitar aka ɗauko daga ƙauye ba shi da lafiya, aka kwantar da shi a wani ɗaki mai sanyi a gidan masu kuɗin. Tsoho manomi, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. An jera masa abinci iri-iri ya ƙi taɓawa, shi kunun tsamiya yake so. Kuma duk wanda ya shigo duba shi, likita ne ko mai shara, tambaya ɗaya yake yi masa, ko an yi ruwa a gida. Ina cikin karantawa sai muka ji murya daga cikin ɗaki.

"Shi tsohon, ƙahwahun nashi kumbura suka yi?"

Muka dubi juna ni da yarinyar. Na ce eh, Yaya, ƙafafun sun kumbura.

"Koma baya ki sake karanta wurin. Ki ɗaga murya, ba ni ji sosai."

Rabon da in ji ta haɗa magana mai tsawon wannan tun kafin rasuwar. Na koma baya na karanta.

Daga ranar aikina ya canza. Duk mako in tara shafuka a waya in kai Ƙofa, a shimfiɗa tabarma a ɗakin Yaya. Ba ruwanta da likita da saurayinta. Da na fara lissafa kayan da wata ta sa sai ta ce, tsallake ɗiyan nan da motocinsu, kai ni wurin tsohon. In an zo wurinsa kuwa sai ta tashi zaune. Ranar da ya ce a buɗe masa taga ya ji ko akwai ƙamshin ƙasa, ta gyaɗa kai ta ce haka suke yi. Ranar da ya ɓoye maganinsa a ƙarƙashin matashi ta ce ja'iri, har gefen bakinta ya motsa. Surukar ta gane dabara, sai ta ajiye kofin kunu kusa da hannunta daidai lokacin da na fara. Yaya takan ɗauka ta kurɓa ba tare da ta lura ba, mu kuma mu yi kamar ba mu gani ba.

Abin ya ɗaure mini kai, har yanzu ma bai gama sakina ba. Ta yaya aka yi wadda ta cika shafi da turare da leshi ta san tsohon nan haka? Duk sauran mutanen littafin kamar hotunan kalanda suke, shi kaɗai ne yake numfashi. Na yi ta saƙawa a raina ko ta yi jinyar kakanta ne, ko a wani gida ta gan shi ta riƙe. Na koma na karanta wurarensa ni kaɗai da idon malama, ina neman inda ta yi dabara, ban ga wata dabara ba. Ta dai faɗi abin da tsoho yake yi ne ta wuce. Ban taɓa samun wanda zai ba ni amsa ba.

Sai ga wata matsala da ban san da irinta ba a duk karatuna. Mu abin da muka sani, marubuci yakan gama littafinsa ya kai a buga, mai karatu ya karɓa yadda ya same shi, in ya ga dama ya yi tsaki. A zauren nan ba haka ake yi ba. Marubuciyar kullum take rubuta na ranar, ita kanta ba ta san ƙarshen ba. In ta sako sai ta zauna jiran sharhi. In sharhi ya yi ƙaranci ta yi fushi ta tafi yajin aiki, a yi ta ba ta haƙuri. In masu karatu suka tsani wani, sai ki ga an yi masa canjin wurin aiki ya ɓace. In suka so wata, sai a ƙara mata shafi. Labarin kamar tuwon gidan biki yake, kowa da hannunsa a ciki.

To, masu karatu sun gaji da tsoho. Likitar ta tare a gefen gadonsa, saurayi ba ya samun ganinta, biki ya ƙi zuwa. Sharhi ya fara shigowa. Wata ta ce tsohon nan ya cika mana wuri. Wata ta ce don Allah a kashe shi a yi sadakar uku mu wuce wurin. Har da mai sa hoton dariya. Marubuciyar ta fito ta ce ta ji, nan da ƙarshen mako mai zuwa za ta duba abin da ya fi rinjaye ta yi shi.

Na yi niyyar ɓoye wa Yaya, in ya mutu in ce an daina sako littafin. Ban isa Ƙofa ba surukar ta riga ta fesa mata. Na shiga na same ta zaune a bakin gado, ido a buɗe tar.

"Auta, wai kashe shi za su yi? Mi ya yi masu?"

Na ce Yaya, labari ne fa, ba mutum ba ne.

"Na sani, ba ni da hankali aka ce maki? Ita mai rubutun, tana jin magana in an yi mata?"

Na ce ai jin maganar ne ma ya yi mata yawa.

"Tau rubuta mata."

Na ɗauko waya. Ta ce in fara da sallama, in tambaye ta iyali, in tambaye ta ya ruwa. Na ce Yaya, a nan ba a wannan doguwar gaisuwar. Ta ce shi ya sa suke kashe mutane. Na rubuta gaisuwar tsaf. Sannan ta ce in ce wata tsohuwa ce daga ƙauye take roƙon arziki, tsohon nan ya yi shuka bai ga abin da ta yi ba, a yi masa rai ko zuwa kaka ne ya ga geronsa. Ta sa na karanta mata ta ji, ta gyara wuri ɗaya, surukar ta karɓi wayar ta ruga tudun bayan gida ta tura.

Saƙo ɗaya ba zai rinjayi taron nan ba, Yaya ma ta san haka. Sai ta tashi kamfen daga kan gadonta. Duk matar da ta shigo gaishe ta, in an gama ya haƙuri, sai ta tambaye ta ko ɗiyarta tana da babbar waya. 'Yan matan unguwa suka riƙa jerin gwano zuwa tudun nan da yamma, kowa hannu a sama tana neman sabis. Ta tuna da wata 'yar ƙanen babanmu a Kafinsoli, ta ce a kira ta. Da na dawo Kankia ta sa aka bi ni da waya, wai mutanen Tafashiya sun aika nasu kuwa?

Ni kuma da na ce littafin ba komai a cikinsa, sai ga ni tsaye a ofishin malamai ina wa'azi a kan tsoho. Na ce shi kaɗai ne mutum a labarin, in aka kashe shi sai a bar ku da leshi. Wata malamar lissafi ta ce Malama, nazarin ne har yanzu? Aka yi mini dariya, na shanye. Ban gaya musu dalilina ba, don ba na so a mai da Yayata abin hira. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har sai da kowa ta rubuta. Telata ma na je na tsaya a kanta, na ce ta biya ni bikin da ta sa na je da tsohon kaya.

Ranar Alhamis da hantsi aka sako shafin. Na karanta shi a tsaye a bakin aji. Yaron nan mai girman kai ya ɗauki hayar jirgi, aka fita da tsoho ƙasar waje, aka yi masa aiki. Kafin shafin ya ƙare ya dawo da ƙafafunsa, har da kumatu, yana sa wa yaron albarka. Zaure ya kaure da murna, waɗanda suka ce a kashe shi su ne kan gaba wajen yabo. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba. Amma malamar da ke cikina ta yi tsaki, don an warkar da shi da arha, kuma tsohon da ya sauko daga jirgin bai tambayi kowa ruwa ba.

Washegari a kan mashin, gero ya fitar da kai hagu da dama, na yi ta juya tambayar da ta kai ni zauren tun farko. Littafin ya cancanci wannan hayaniya? In a aji aka kawo mini shi, ba zai wuce da maki mai yawa ba. Amma ni da na san littattafai masu kyau, wanne na karanta wa Yaya ta tashi zaune? Ban iso da amsa ba, na dai iso da albishir, ina ta sauri kamar yarinya.

Aka shimfiɗa tabarma. Na karanta tun daga tashin jirgi har saukarsa. Surukar ta fara guɗa, ta tuna inda take, ta toshe bakinta da mayafi. Na ɗaga kai ina jiran in ga haƙoran Yaya. Tana zaune, hannuwanta a kan cinya.

"Shi ke nan? Ya warke?"

"Ya warke, Yaya. Kin yi nasara."

"Dan mun roƙa?"

Na ce eh, mun fi su yawa.

Ta sunkuyar da kai. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Auta, ni ma na roƙa. Tun bazara nike roƙo. Ba sallar da na yi ban roƙa ba. Ni ma zuwa kaka kawai na ce."

Ta yi saurin rufe bakinta da tafin hannu, tana astagfirullah, astagfirullah, Allah na tuba. Sai kukan ya ƙwace mata. Ban taɓa jin Yayata ta yi irinsa ba, tun daga ciki yake fitowa, duk jikinta yana girgiza. Surukar ta zabura tana Iya haƙuri, Iya haƙuri. Na riƙe zanenta na zaunar da ita, na girgiza mata kai. Haƙurin nan shi aka yi ta ba ta tun ranar farko. Na matsa na rungume ta, ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna, ni ma ina nawa kukan.

Da ya lafa ta share fuska da gefen zane, ta dubi wayar da ke kan tabarma.

"Aje wannan. Ba ki nan ranar da Malam ya cika, bari in hwaɗa maki."

Ta ce ranar da safe ya tashi da sauƙi, har ya sha kunu. Ya dubi hannuwansa ya ce mata ƙumbarsa ta yi tsawo, ta zo ta yanke masa. Tana da tukunya a wuta, ta ce masa bari ta sauke ta zo. Ta sauke, ta tsaya ta kwashe, ta leƙa wurin awaki, sannan ta ɗauko reza ta shiga. Ta same shi ya juya fuska gabas kamar mai barci. Ta zauna a bakin gadon ta kama hannunsa za ta fara, sai ta ji hannun ya yi sanyi.

"Ban hwaɗa ma kowa ba," in ji ta. "Kuma ba a yanke ma mamaci. Haka nan aka kai shi da ita, Auta."